Digirin Bayoloji a Jami'o'in Ƙasar Hausa: Abin da Ake Koya da Inda Yake Kai Mai Shi

A kowace shekara dubban ɗaliban da suka gama sakandare a arewacin Nijeriya suna cika fom ɗin hukumar JAMB da burin karatun likitanci, amma da yake majalisar da ke kula da aikin likita ta ƙayyade wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma adadin bai kai ko kusa da yawan masu nema ba, sai a wayi gari an tura da yawa daga cikinsu sashen bayoloji ko ɗaya daga cikin sassan da ke maƙwabtaka da shi. A gida akan ce an canza wa yaro kwas, kuma akan faɗi maganar da muryar jaje. Ɗalibin da ya shigo ta wannan ƙofa yakan shafe shekararsa ta farko yana lissafin makin da zai ba shi damar komawa likitanci, ta biyu yana jimamin rashin samun damar, sai ya farga a shekara ta uku cewa rabin karatun ya wuce bai tsaya ya dubi abin da ke gabansa ba. Wannan asara ce babba, domin bayoloji, wato ilimin nazarin halittu masu rai tun daga ƙwayar cutar da ido ba ya gani har zuwa kuka da giwa, shi ne fannin da mafi yawan matsalolin abinci da lafiya na yankin Sahel suke komawa gare shi.

Sharuɗɗan shiga ba su da sarƙaƙiya. A Nijeriya ana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, waɗanda suka haɗa da Turanci da lissafi da bayoloji da kimistiri da fizis, sannan a jarrabawar shiga jami'a ɗalibi ya ɗauki Turanci da bayoloji da kimistiri, ya cika na huɗu da fizis ko lissafi. Karatun shekara huɗu ne, sai dai wanda ya zo da sakamakon IJMB ko takardar NCE ko difiloma yana iya farawa daga aji biyu. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, da Jami'ar Bayero ta Kano, an ware tsangaya guda ta kimiyyar rayuwa, kuma a yawancin jami'o'i fannin ya rarrabu zuwa botani, wato ilimin tsirrai, da zuwoloji, wato ilimin dabbobi, da maikurobayoloji, wato ilimin ƙananan halittu irin su bakteriya da bairos da fumfuna, da bayokimistiri, wanda yake nazarin sinadaran da rayuwa take gudana a kansu. A Nijar tsarin ya bambanta, domin ɗalibin da ya ci jarrabawar bakaloriya a ɓangaren kimiyya yana shiga tsangayar kimiyya da fasaha, a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko a jami'o'in Maraɗi da Damagaram, ya yi lisans a shekara uku, masta a shekara biyu, sannan digirin dakta, kuma harshen koyarwa Faransanci ne.

Shekarar farko kusan maimaicin sakandare ce da aka zurfafa, inda ɗalibin bayoloji yake zama a babban zaure tare da ɗaruruwan ɗaliban sauran sassan kimiyya yana ɗaukar lissafi da fizis da kimistiri, kuma a nan ne da yawa suke yin sakacin da ke bin su har ƙarshe, saboda sun ɗauka wanda ya zaɓi bayoloji ya rabu da lissafi ke nan. Daga shekara ta biyu ne ake shiga ainihin fannin: tsarin ƙwayar halitta, wadda ita ce mafi ƙanƙantar yanki mai rai da jikin tsiro da dabba ya ginu da shi, ilimin gado, wanda ke bayanin yadda siffofi suke sauka daga iyaye zuwa 'ya'ya ta hanyar sinadarin DNA, ilimin rarrabe halittu da sa musu suna, ilimin aikin gaɓoɓi, da ilimin dangantakar halittu da muhallinsu. Ilimin gado, alal misali, ba baƙon abu ba ne ga al'ummar da ta san ciwon amosanin jini, wato sikila, domin lissafin da ke nuna cewa idan miji da mata dukansu suna da rukunin jini na AS to a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, lissafi ne da ɗalibin aji biyu yake yi da alƙalami a layi huɗu, kuma a kansa ne aka gina gwajin da yanzu ake nema kafin aure a jihohi da dama.

Amma zuciyar wannan karatu tana ɗakin gwaje-gwaje, wanda ɗalibai suke kira lab, kuma a nan ne ake gane wanda ya koyi bayoloji da wanda ya haddace shi. Aikin farko da akan ba sabon ɗalibi shi ne ya ɓare siririn fatar cikin albasa, ya shimfiɗa ta a kan ɗan gilashi, ya ɗiga mata ruwan aidin, ya rufe da wani gilashin mafi siranta ba tare da ya bar kumfar iska ta maƙale ba, sannan ya juya madubin ƙara girma a hankali har ƙwayoyin halittar su fito a jere, kowace da katangarta da cibiyarta. Daga baya sai a koya masa rinin da likitan ƙasar Denmak Hans Christian Gram ya ƙirƙiro a 1884, wanda har yau shi ne matakin farko na gane bakteriya: a shafa ƙwayoyin a gilashi, a busar, a gitta shi ta harshen wuta don su manne, a zuba shuɗin rini, a bi da aidin, a wanke da sifirit na 'yan daƙiƙoƙi, sannan a zuba jan rini. Bakteriyar da ke da kaurin katanga tana riƙe rinin farko ta fito da launin shunayya, mai siririn katanga kuwa ta saki rinin ta ɗauki ja, kuma wannan bambanci yana shiga cikin shawarar da likita zai yanke game da maganin da zai bayar. Duk sirrin aikin yana cikin wankin sifirit, domin idan hannu ya yi jinkiri kaɗan sai dukkan ƙwayoyin su fito ja, sakamakon ya zama ƙarya, kuma babu littafin da zai koya wa mutum wannan sai maimaici. Haka batun tukunyar kashe ƙwayoyin cuta yake, wadda ake dafa kayan aiki a cikinta da tururi a zafin digiri 121 na tsawon minti 15. Wanda bai taɓa kunna ta da hannunsa ba, bai taɓa zuba abincin renon bakteriya a faranti ya dawo washegari ya tarar fumfuna ta ɓata masa aiki ba, bai san abin da ake nufi da tsabtar lab ba.

A nan ne raunin jami'o'in yankin ya fi fitowa fili, kuma ɓoye shi ba zai amfani kowa ba. Yawan ɗalibai ya ninka sau da dama alhali kayan aiki ba su ƙaru daidai da haka ba, har ya zama ruwan dare a ga rukuni guda na ɗalibai sun kewaye madubi ɗaya, mutum ɗaya yana aikin sauran suna kwafar zanen da ya yi, ga rashin tsayayyiyar wutar lantarki da ke lalata abin da aka ajiye a firji, ga yajin aikin malaman jami'a da ya ci wata takwas a 2022. Sakamakon haka shi ne ana yaye masu digiri da za su iya zayyana matakan rinin Gram a takardar jarrabawa ba kuskure, amma hannunsu ya yi rawa idan aka miƙa musu gilashin. Sabon tsarin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cika da darussan da suka dace da yankinta, kuma wannan dama ce ta gaske ga jami'ar Sakkwato ko Maiduguri ko Dutse ta gina darasi a kan ƙasar da take zaune a kai, sai dai manhaja ba ta sayen madubi, ba ta kuma biyan kuɗin motar da za ta kai ɗalibai daji.

Abubuwa biyu ne suke iya cike wannan giɓi, kuma dukansu suna hannun ɗalibi fiye da yadda ake zato. Na farko shi ne zaman koyon aiki na shirin SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikata ya fara a 1973, inda akan tura ɗalibi wata ma'aikata na tsawon watanni, yawanci a shekara ta uku. Da yawa sukan nemi wurin da ke kusa da gida inda za a sa musu hannu a littafin rajista ba tare da an takura musu ba, alhali watannin nan su ne kaɗai lokacin da ƙofar cibiyar bincike ko kamfanin sarrafa abinci take buɗe wa mutum ba tare da an tambaye shi shekarun ƙwarewa ba. Na biyu shi ne binciken kammala digiri na shekarar ƙarshe. Al'adar da ta yaɗu ita ce a ɗauki ganyen wata bishiya, dogonyaro ko zogale ko marke, a jiƙa, a gwada ruwansa a kan bakteriya biyu ko uku, a rubuta cewa yana da tasiri, kuma an yi irin wannan aiki sau ba adadi ba tare da ya kai ko'ina ba. Ɗalibin da ya zaɓi tambaya ƙarama amma ta gaske, kamar wane irin sauro ne yake hayayyafa a kududdufan unguwarsu a ƙarshen damina, ko kashi nawa na katantanwar wani dam ne ke ɗauke da tsutsar tsargiya, ya fita ya tattara samfuri da kansa, ya ƙirga, ya yi lissafin alƙaluman, shi ne yake fitowa da abin da zai iya nunawa a gaban masu ɗaukar aiki ko masu ba da tallafin karatu.

Batun aiki bayan digiri yana buƙatar a fara da gaskiya mai ɗaci, wadda ya kamata a gaya wa ɗalibi tun ranar da ya karɓi takardar shiga. Digirin bayoloji, haka ma na maikurobayoloji da bayokimistiri, ba lasisin sana'a ba ne. Dokar 2003 ta damƙa aikin gwajin jini da fitsari da sauran samfuran marasa lafiya a hannun majalisar masana gwaje-gwajen asibiti, kuma lasisinta na waɗanda suka yi wannan kwas na shekara biyar ne, saboda haka mai digirin maikurobayoloji, komai iyawarsa, ba zai sa hannu a sakamakon gwajin asibiti ba. Wanda har yanzu zuciyarsa take kan likitanci yana iya neman shiga aji biyu bayan ya gama da sakamako mai kyau, amma guraben kaɗan ne, hanyar kuma doguwa ce. Koyarwa ce ta fi kowace hanya ɗaukar masu wannan digiri, sau da yawa tun daga shekarar hidimar ƙasa, kuma wanda ya yi niyyar zama a cikinta yana buƙatar difilomar ilimi ta bayan digiri, wadda jami'o'i da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna suke bayarwa, sannan ya yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN. Akan raina wannan hanya saboda ƙarancin albashi, raini kuwa bai dace da ita ba, domin kowane likita da nas da ungozoma da masanin gona ta hannun malamin bayoloji ya bi, kuma makarantun ƙauye da ba su da ƙwararren malamin kimiyya su ne suke rufe wa 'ya'yan talakawa waɗannan fannoni tun kafin su kai ga fom ɗin JAMB.

Fagen da ya fi faɗi, kuma wanda ɗalibai suka fi jahilta, shi ne na binciken noma da kiwo. Arewacin Nijeriya yana da tsofaffin cibiyoyi: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro a 1922; cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, tun 1924, inda ake haɗa allurar rigakafin dabbobi; cibiyar binciken sammore da ciwon barci ta Kaduna, mai nazarin ƙudan tsando; cibiyar binciken kiwo ta Shika; cibiyar Tafkin Chadi da ke Maiduguri; da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa. A Nijar akwai cibiyar binciken noma ta INRAN, da tashar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, da cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel. Tambayoyin da ke gaban waɗannan wurare tambayoyin bayoloji ne tsantsa. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana zubar da dubban 'ya'ya ƙanana kamar ƙura, waɗanda suke iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma ba su tsiro ba sai sun ji sinadarin da saiwar dawa ko gero ko masara take fitarwa, sannan su manne mata su tsotse ta tun kafin manomi ya ga furensu a sama. Duk dabarar yaƙi da shi, ko ta samar da iri mai juriya ko ta shuka abin da zai yaudari 'ya'yan su tsiro su mutu, daga fahimtar wannan sinadari ta fito. A Samaru ne tawagar Farfesa Mohammad Ishiyaku ta fitar da waken SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019, wanda aka sanya wa ƙwayar gado daga wata bakteriyar ƙasa don ya kashe tsutsar da ke huda furen wake da kwansonsa, kuma muhawarar da ake yi har yau a kan irin da aka sauya wa halitta tana buƙatar mutanen da suka san abin da ake magana a kai, ko suna goyon baya ko suna adawa.

Misalin da ya fi nuna yadda ilimi kaɗan mai zurfi yake canza gona ya fito ne daga Nijar. Akwai tsutsar da ke haƙa zangarniyar gero ta bar ta da zane mai karkace babu tsaba, kuma feshi ba ya yi wa ƙaramin manomi daɗin lissafi. Masana ƙwari na INRAN da Jami'ar Maraɗi, tare da takwarorinsu na Burkina Faso da Mali, sun yi aiki da wani ɗan ƙaramin zanzaro da ke harbin tsutsar ya shanye mata jiki, sannan ya saka ƙwansa a kanta. Dabarar ita ce a zuba tsabar gero da garinsa a ƙaramar jakar algarara, a sa tsutsotsin wani asu da ake renonsa a ɗaki tare da matan zanzaron, a rataye jakunkunan a kewayen gari lokacin da gero ya fara fitar da kai, sabbin zanzaro su riƙa fita ta ramukan saƙar suna bazuwa cikin gonaki. Babu na'ura mai tsada a cikin wannan aiki. Abin da ke cikinsa shi ne sanin rayuwar ƙwari biyu da sanin lokacin da ya dace, wato abin da darasin ilimin ƙwari na aji uku ya kamata ya koyar.

Ɓangaren lafiyar al'umma ma yana ɗaukar masu bayoloji ta ƙofofin da ba na gadon asibiti ba. Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma kafin a yanke shawarar irin gidan sauron da za a raba a wata jiha sai an kama sauro, an rarrabe nau'insa, an gwada ko maganin da ke jikin gidan yana kashe shi har yanzu. Masana ƙwari ne suka gano a 2020 cewa sauron Anopheles stephensi, ɗan asalin Asiya mai son tankunan ruwa na birni, ya iso Jihar Gombe. Kafin a ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji a watan Agustan 2020, an shafe shekaru ana ɗibar ruwan kwatami a Kano da wasu birane ana kai shi ɗakunan gwaji na Ibadan da Maiduguri don neman ƙwayar. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, ɓera ne yake ɗauke da shi, don haka sanin ɗabi'ar ɓeran wani ɓangare ne na yaƙi da cutar. Marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok na sashen bayokimistiri na Zariya, wanda ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009 saboda aikinsa a kan sinadarin da ƙwayar sammore take amfani da shi wajen lalata jini, ya nuna cewa ana iya yin bincike mai daraja a duniya daga jami'ar arewa. Baya ga waɗannan akwai hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, da sassan tabbatar da inganci na kamfanonin ruwan sha da madara da fulawa da magunguna, da kamfanonin iri, da kiwon kifi, inda wanda ya iya ƙyanƙyasar 'ya'yan tarwaɗa yake iya tsayawa da ƙafarsa ba tare da jiran takardar ɗaukar aiki ba.

Kula da muhalli da namun daji fage ne mai ƙarancin guraben aiki amma mai tsananin buƙatar masana. Fadamar Haɗeja zuwa Nguru, wadda tsuntsaye ke zuwa daga Turai su yi hunturu a cikinta, ciyawar kacala ta toshe mata hanyoyin ruwa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda kogin yake ambaliya, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama mafakar tsuntsun jan-baki mai cinye shinkafa da gero. Akwai dajin Yankari da na Gashaka-Gumti, akwai raƙuman dawa na Kure a Nijar, waɗanda su ne ragowar irinsu a Afirka ta Yamma, akwai kuma cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, mai ba da digiri na biyu a fannin kare halittu. Ilimin rarrabe tsirrai, wanda ɗalibai suke gudu saboda sunayen Latin, yana neman rasa magada, alhali J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a arewacin Nijeriya, ya wallafa ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa tun 1916 ta hanyar tambayar mutanen ƙasa, kuma ɗalibin da ya tashi a karkara ya san gawo da aduwa da kanya da sabara tun yana yaro ya riga ɗan birni nisa a wannan fanni idan aka nuna masa darajar abin da ya sani.

Kusan duk waɗannan hanyoyi, in ban da koyarwa da sana'ar kai, suna neman digiri na biyu, shi ya sa makin da ɗalibi ya yi wasa da shi a shekarar farko yake dawowa ya tsaya masa a gaba. A ma'aunin maki biyar, darajar farko tana farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu daga 3.50, kuma mafi yawan tallafin karatu na ciki da waje ba sa duban abin da ya gaza wannan na biyun. Cibiyoyin ƙwarewa da Bankin Duniya ya tallafa, irin ta cututtukan da aka yi watsi da su da ke Zariya da ta noman ƙasa mai ƙarancin ruwa da ke Jami'ar Bayero, suna ɗaukar ɗalibai daga ƙasashen maƙwabta, wanda hakan ya sa ɗan Nijar mai Turanci da ɗan Nijeriya mai Faransanci suke da ƙofofi biyu maimakon ɗaya. Wani sabon sharaɗi kuma ya ƙaru a 'yan shekarun nan, wato iya sarrafa alƙaluma da bayanan ƙwayoyin gado a kwamfuta. Lokacin da cibiyar Farfesa Christian Happi da ke Ede ta karanta jerin ƙwayoyin gadon bairos ɗin korona a watan Maris na 2020, karo na farko a Afirka, kaso mai yawa na aikin a gaban allon kwamfuta aka yi shi, kuma manhajojin da ake wannan aiki da su, irin su R da Python, kyauta ne, haka ma rumbunan bayanan da ake kwatanta sakamako da su a buɗe suke a intanet ga ɗalibin Katsina ko na Tawa kamar yadda suke ga na kowace jami'a a duniya.